Asusun Gari da Ƙawancen Garuruwa: Darasi daga Montreuil da Yelimane

Ƙawancen garuruwa, wato yarjejeniyar da hukumomin garuruwa biyu na ƙasashe daban-daban suke ƙullawa domin taimakon juna, ya bunƙasa ne a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da garuruwan Faransa da na Jamus suka riƙa ƙulla zumunci don kawar da gabar da yaƙi ya bari. Da fari ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980, sai wannan al'ada ta karkata zuwa Afirka, garuruwan Turai da dama suka nemi abokan ƙawance a karkarar Mali da Senegal da Burkina Faso da Nijar. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai wanda aka ƙulla a 1985 tsakanin Montreuil, birni mai mutane fiye da 100,000 da ke manne da Paris ta gabas, da Yelimane, gari kuma gunduma a yankin Kayes na yammacin Mali, kusa da iyakar Muritaniya.

Abin da ya haɗa waɗannan wurare biyu ya girmi yarjejeniyar. Galibin mutanen Yelimane Soninke ne, al'ummar da ta kafa tsohuwar daular Ghana, wadda kuma ta daɗe da sabawa da fatauci da tafiya cin rani. Bayan Mali ta sami 'yancin kai a 1960, samarinsu sun riƙa kwarara Faransa, inda suka kama aikin shara da gini da ƙwadago a masana'antu, kuma bisa al'ada mutum yakan yi 'yan shekaru ya koma gida, ƙanensa ya maye gurbinsa. Da gwamnatin Faransa ta dakatar da shigowar 'yan ƙwadago a 1974, wannan karɓa-karɓa ta tsaya, domin wanda ya fita ba shi da tabbacin dawowa, don haka waɗanda ke can suka zauna dindindin a gidajen kwanan ma'aikata. Mafi shahara cikinsu shi ne gidan Bara da ke Montreuil, tsohuwar masana'anta da aka mayar masauki a 1968, wadda ta zama matattarar 'yan Mali har aka rufe ta a 2018 saboda lalacewa.

A cikin waɗannan gidaje ne asusun gari ya kafu. Mutanen ƙauye ɗaya sukan zauna a ɗakuna maƙwabta, su ci abinci tukunya ɗaya, sannan su yi taro a kai a kai ƙarƙashin jagorancin dattijon da ke wakiltar gidan sarautar ƙauyen. Akwai ma'aji da ke riƙe da littafi mai ɗauke da sunan kowane ɗan gari, kowa da kuɗin da aka yanka masa, wanda ya yi jinkiri a ci shi tara, wanda ya ƙi biya kuma labarinsa ya isa gida, kunyar ta hau kan iyalinsa. Da farko kuɗin na lalurorin zaman baƙunta ne: ciyar da sabon zuwa kafin ya sami aiki, jinyar marar lafiya, da mayar da gawar wanda ya rasu gida. Daga baya aka fara tara kuɗi na musamman don ayyukan ƙauye, kuma a wurare da yawa masallacin Juma'a ne aikin farko, domin shi ne abin da dattawan gida ba za su yi jayayya a kansa ba.

Dokar da Faransa ta zartar a watan Oktoban 1981, wadda ta ba baƙi damar yin rajistar ƙungiya ba tare da neman izini na musamman ba, ta sauya fasalin wannan taimakon kai da kai. Asusun da a da yake hannun mutum ɗaya ya zama ƙungiya mai tsarin mulki da ajiyar banki, wadda za ta iya sa hannu a yarjejeniya da hukuma. Ayyuka suka faɗaɗa zuwa rijiyoyi da tankunan ruwa da makarantu da ɗakunan haihuwa da asibitocin karkara. Wata dabara da ta yaɗu ita ce kantin haɗin gwiwa, inda ma'aikaci zai biya kuɗin shinkafa da sukari da mai a Faransa, a aika saƙo ƙauye, iyalinsa su je su karɓi kayan, ta yadda kuɗin cefane ba za su salwanta a hanya ba, ribar kantin kuma ta koma asusun gari. Faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ninka yawan sefar da ake samu da kowane faran na Faransa a gida, ta ƙara wa waɗannan ƙungiyoyi ƙarfi.

Wannan shiri ne majalisar birnin Montreuil ta tarar, a zamanin magajin gari Jean-Pierre Brard, wanda ya riƙe muƙamin daga 1984 zuwa 2008. Gudummawar birnin ta zo ta fuskoki uku: kuɗi daga kasafinsa, ƙwararru irin su injiniyoyin ruwa da ma'aikatan lafiya, da kuma sunansa da takardunsa da ke buɗe ƙofar manyan masu bayar da tallafi. Dokokin ƙasa ma sun share hanya, domin dokar 1992 ta amince wa ƙananan hukumomin Faransa su ƙulla yarjejeniya da takwarorinsu na waje, dokar Oudin-Santini ta 2005 kuma ta ba su damar ware har kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar ruwa da tsaftar muhalli don ayyukan ruwa a ƙasashe masu tasowa. A shekarun 2000 aka faɗaɗa ƙawancen da wani shirin bunƙasa noma a Yelimane, wanda ya haɗa da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙwararrun noma daga Biyetnam, da nufin tare ruwan damina da inganta noman abinci.

Wani bincike da masana tattalin arziki suka wallafa a 2015 ya nuna cewa ƙauyukan Mali da ke da ƙungiyar 'yan gari a Faransa sun fi sauran samun ƙarin makarantu da asibitoci da ruwan sha. Sai dai wannan nasara tana tafe da matsalolinta. Tara kuɗin gini ya fi sauƙi a kan ɗaukar nauyin gudanarwa, domin bikin buɗe asibiti na yini ɗaya ne, albashin ungozoma da magani da gyaran injin ruwa kuwa na kowane wata ne, kuma wannan ne ya sa aka jingina asibitocin da kwamitocin lafiya na al'umma waɗanda ke karɓar ɗan kuɗi daga masu jinya, bisa tsarin da aka amince da shi a Bamako a 1987. Haka nan ƙauyen da ba shi da 'ya'ya a waje yakan zama ɗan kallo, tazara ta ƙaru tsakaninsa da maƙwabcinsa. Zaɓen ƙananan hukumomi na 1999, wanda ya samar da zaɓaɓɓun shugabanni a karkarar Mali, ya haifar da tambayar wanda ke da ikon tsara aiki tsakanin mai kuɗin da ke Paris da shugaban da jama'a suka zaɓa. Ga kuma 'ya'yan da aka haifa a Faransa, waɗanda tarar dattawa ba ta ɗaure su kamar yadda ta ɗaure iyayensu, da mata da matasa da suka daɗe ba su da murya a wurin taro.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne daga siyasa. A watan Nuwamban 2022, bayan Faransa ta dakatar da tallafin raya ƙasa da take ba Mali, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Bamako ta haramta ayyukan ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke samun kuɗi daga Faransa, lamarin da ya jefa ƙawancen garuruwa cikin mawuyacin hali. Irin wannan dakatarwar tallafi ta faɗa wa Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin 2023. Kuɗin da 'yan Mali mazauna waje ke aikawa gida, waɗanda suka haura dala biliyan 1 a shekara, sun ci gaba da shiga, domin ba su rataya da yardar wata gwamnati ba. Saboda haka duk ƙungiyar ci gaban gari da ke neman abokin ƙawance a waje, ya kamata ta fara da tsayar da asusunta, ta tsare littafin kuɗinta, ta kuma tanadi kuɗin gudanarwa kafin ta aza harsashin gini, domin aikin da ya dogara kacokan ga tallafin waje yana tsayawa ne ranar da tallafin ya yanke.