Igiyar ƙofar murhu: ƙaramin abin da ke cinye itacen 'yan'uwanmu a Turai

Wanda bai taɓa kwana a Jamus cikin watan Janairu ba, ba zai gane dalilin da zai sa dattijo ya durƙusa yana lallaɓa ƙofar murhu kamar jariri ba. Ni ma sai da na sauka wurin kawuna, a wani ƙauye da ke wajen birnin Hambug, na gani da idona.

Murhun nasu ba irin namu na duwatsu uku ba ne. Akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilashi, da bututun hayaƙi da ya fita ta rufin gida, aikinsa ɗumama ɗaki. Tun da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a shekarar 2022, gidaje da yawa a can suka koma masa. Kawu ya tara itacen da yake sa ran zai kai shi Maris, amma tun Janairu rabi ya tafi.

"Kawu, ko dai itacen ne ba shi da kyau?" na tambaye shi.

Ya ce, "Kai dai bari, ɗan nan. Wuta ce ba ta jin magana. Na rufe mata iska, amma ci take kamar an zuba mata fetur."

Ashe matsalar wata igiya ce da ke zagaye da bakin ƙofar daga ciki. Da zaren gilashi ake saƙa ta, shi ya sa ba ta ƙonewa. Ita ke toshe tsakanin ƙofa da jikin murhu, domin iska ta riƙa shiga ta 'yan kafofin da aka yi mata kawai, waɗanda mai gida ke buɗewa ko ragewa. Yau da gobe igiyar kan daskare, ta lotse, ta fara zarewa. Daga nan iska na kutsawa ta ko'ina, itace ya ƙone da sauri, zafin ya bi bututu ya fice. In abin ya yi yawa, ƙarfen kansa na iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Asarar itace ma da sauƙi. Ranar da bututu bai ja hayaƙi sosai ba, ta wannan kafar ce iskar guba, wadda ake kira kabon monoksaid, za ta iya dawowa ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce dai ke kashe mutane a nan gida lokacin hunturu, in sun shigar da garwashin gawayi ɗaki sun rufe ƙofa da taga sun kwanta.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Idan murhu ya huce sarai, a sa takarda a bakin ƙofar, a rufe, a ja. In ta riƙe, lafiya. In ta zame salin-alin, igiyar ta mutu a wurin. A bi duk kusurwoyi huɗu. Na Kawu, ta sama takardar ta fito ba gardama.

Sayen sabuwa ne wurin da mutane suka fi yin kuskure. Kaurinta iri-iri ne, akwai mai milimita 6, 8, 10, 12, har sama. Siririya ba za ta toshe ba, mai kauri kuma ta hana ƙofa rufuwa. Gara a duba takardar murhun, ko a yanki guntun tsohuwar a tafi da shi shago. Sai gam na musamman mai jure zafi. Gam ɗin takalmi ba ya wannan aiki.

Mun cire ƙofar muka kwantar da ita kan tsohon bargo, muka zare tsohuwar igiya, sannan muka kankare busasshen gam da sukundireba da buroshin waya. Wannan kankarar ce ta fi cin lokaci, kuma ita ce rabin aikin, don sabon gam ba ya kama datti. Aka zizara gam kaɗan a cikin kwarmin, aka bi da igiya ana dannawa a hankali. Kada a ja ta, in an ja sai ta sirance. Inda bakin biyu suka haɗu, su taɓa juna ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba.

Gilashin ma yana da tasa, amma ita shimfiɗaɗɗiya ce kamar kaset, galibi da gam a bayanta. A nan fa sai a yi hattara da kusoshin da ke riƙe da gilashin. Ƙarfe na buɗewa in ya ɗau zafi, gilashin kuwa kusan ba ya motsi, don haka wanda ya ɗaure su tamau zai ji ƙas da wutar farko. Gilashi ɗaya ya ninka kuɗin igiya sau da yawa.

Wani abu kuma: in murhun tsoho ne ƙwarai, igiyarsa na iya zama ta asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar daji. Jamus ta haramta shi a 1993. Irin wannan, a bar wa masana, ko a tambayi mai duba bututun hayaƙi, wanda doka ta sa yake zagayawa gidaje a can.

Muka mayar da ƙofa, muka bar ta a rufe kwana guda, muka kwana cikin riguna uku-uku. Washegari Kawu ya hura 'yar ƙaramar wuta, ya rage iska, sai harshen wutar ya kwanta. Da yamma na matsa masa muka je ya sayi na'urar da ke ƙara in iskar guba ta taru, yana ta mita wai na zo hutu na ƙarar masa da kuɗi.