Gubar da ke Ɓuya Cikin Hatsi

A Abidjan, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kodebuwa, Hausawa sun daɗe suna saye da sayarwa a unguwannin Adjamé da Treichville. Buhunan masara da gyaɗa na isowa kasuwannin nan daga arewa. Amma birnin yana bakin teku, iskarsa cike da laima. Buhun da aka jingina da bango, ko aka ajiye a daɓe, ba ya daɗewa sai ya kama funfuna. Haka yake faruwa a rumbunanmu idan damina ta yi nisa.

Funfuna takan bar guba cikin ƙwayar hatsi. Mafi muni ita ce aflatoksin, wadda ke lalata hanta. An gano ta ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, don sun ci ƙulin gyaɗa mai funfuna. A 2004 kuma, mutane 125 suka rasu a Kenya saboda gurɓatacciyar masara. Cin ta kaɗan-kaɗan yana tsumbure yara, yana kawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Dahuwa ba ta kashe ta.

Wata hanyar bincike mai sauƙin kuɗi ita ce ta yisti, dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi. A ɗakin gwaji sai a niƙa hatsin, a tace ruwansa, a ɗiga kan faifan da aka shuka yisti. Idan da guba, yistin ba ya yaɗuwa a kewayen ɗigon. Gwargwadon faɗin wurin, gwargwadon yawan gubar. Wannan gwaji ya fi kama gubar da ake kira T-2. Aflatoksin kuwa tana da nata gwajin dabam. Darasin dai ɗaya ne: hatsi yana iya yin kyau a ido, alhali da guba a ciki.

Ba ka da ɗakin gwaji, amma kana da kwalba da gishiri. Zuba hatsi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, ka rufe, ka girgiza, ka dakata kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, mai da shi rana.

Ku shanya amfani a kan tabarma ko tamfol. Ku ɗora buhu bisa katako, nesa da bango. Uwargida, ki tsince ƙwayar da ta sake launi ko ta motse kafin niƙa. Kada a ba kaji ko shanu, gama gubar tana shiga madara. Wanda idonsa ya yi rawaya ko cikinsa ya kumbura, a kawo shi asibiti ba da jinkiri ba.