Idan Likita Ya Ce a Mayar da Mara Lafiya Gida: Yadda Ake Kula da Shi a Makonnin Ƙarshe

A ce iyali daga Karare sun kai mahaifinsu Babban Asibitin Batsari, aka tura su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wataƙila ma har Shika a Zariya. An sayar da hatsi, an sayar da dabba. Daga ƙarshe likita ya ja babban ɗan gefe, ya ce ciwon dajin ya bazu, ko hanta ta gaza, gara a koma gida. Abin da iyali suka fi ji a wannan magana shi ne "babu sauran abin yi". Gaskiyar ita ce warkewa ce ta gagara, amma akwai aiki mai yawa da zai sa mara lafiya ya yi sauran kwanakinsa cikin sauƙi da mutunci. Wannan aikin shi likitoci ke kira kulawar sassauci.

Daga ina ta samo asali?

A shekarar 1967 wata likita mai suna Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan, domin waɗanda cutarsu ba ta jin magani. Irin wannan gida ake kira hosfis. A Afirka, Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, inda ma'aikata ke bin marasa lafiya har gida da maganin ciwo na ruwa mai araha. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe sashen wannan kulawa a 2007. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na masu buƙatarta a duniya ke samunta.

A ƙauyukanmu ɗakin mara lafiya shi ne hosfis, matarsa da 'ya'yansa su ne ma'aikatan. Saboda haka ya kamata su san abin da ma'aikatan hosfis suka sani.

Kafin ku bar asibiti

Ku zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa ya zauna da likita ya yi tambayoyi huɗu. Mene ne sunan cutar, kuma ina ta kai? Maganin da ya rage zai warkar ne, ko zai rage wahala ne kawai? Wane magani za a ba shi idan ciwo ya tashi da dare? Wa za mu kira a waya? Amsar tambaya ta biyu tana iya hana a sayar da gonar da marayu za su dogara da ita. Tambaya ta uku da ta huɗu kuwa suna da nauyi a yankin Batsari da Safana, inda rashin tsaro ya sa fita da mara lafiya cikin dare ke da hatsari. Ku karɓi isasshen magani tun da rana, a rubuta muku lokutan shansa.

Ciwo yana da magani

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin ciwon daji hawa-hawa: a fara da irin su farasitamol, idan bai isa ba a hau zuwa mai ƙarfi, har zuwa mofin. Mofin na ruwa ana shansa duk bayan awa 4, bisa agogo. Kada a jira sai mara lafiya ya fara nishi, domin ciwon da ya riga ya tashi ya fi wuyar kwantarwa.

Mutane da yawa na tsoron cewa mofin zai gaggauta ajali. Idan likita ne ya auna shi daidai da ciwon, ba ya yin haka. Yakan kawo barci ko tashin zuciya a kwanakin farko, sannan su lafa. Taurin bayan gida ne ba ya lafawa, don haka a nemi maganinsa tare. Kada a ƙara masa tiramadol ko allurar kyamis ba da sanin likita ba. A kulle maganin inda yara da matasa ba za su kai ba, wanda ya rage kuma a mayar da shi asibiti.

Abinci da ruwa

Nan ne iyali suka fi shan wahala, domin a wurinmu ciyarwa ita ce ƙauna. Amma jikin da ya kusa gajiyawa ba ya neman abinci kamar da. Cutar ce ta ɗauke masa sha'awa. Ɗura masa kunu ko fura da ƙarfi na iya sa ya ƙware, abin ya sauka a huhu ya jawo masa wata sabuwar wahala. A tayar da shi zaune, a ba shi cokali ɗaya ko biyu na abin da yake so, idan ya kau da kai a ƙyale shi. Idan haɗiya ta gagara, a riƙa jiƙa masa baki da tsumma mai tsabta, a shafa man kaɗe a leɓe. Ƙarin ruwa a wannan mataki sau da yawa kumburi da majina yake ƙarawa.

Fata da tsabta

Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa 2 zuwa 3. A duba ƙugu, gindin baya da dunduniya. Jan tabo ko duhun da bai gushe ba shi ne farkon gyambon kwanciya. A sa ƙaramin matashi tsakanin gwiwoyi, a canza shimfiɗa da zarar ta jiƙe, a kuma rufe masa jiki yayin wanka domin mutuncinsa.

Alamomin kwanakin ƙarshe

Barci zai yawaita, fitsari ya ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi. Numfashi kan tsaya na ɗan lokaci sannan ya dawo. Wani lokaci a ji kakari a maƙogwaro. Majina ce da ya kasa haɗiyewa, kuma ta fi damun masu sauraro fiye da shi. A kwantar da shi a gefe ɗaya. Ko da ba ya amsawa, mai yiwuwa yana ji, don haka a yi masa magana mai daɗi, a tuna masa kalmar shahada a hankali, a fitar da gardama waje.

A kira ma'aikacin lafiya idan ciwo ya ƙi lafawa duk da magani, ko jini na zuba, ko mara ta kumbura ya kasa fitsari, ko yana jijjiga, ko ya rikice yana fizge-fizge. Duk waɗannan ana iya sassauta su.

Mai jinya ma na buƙatar kulawa

Sau da yawa mace ɗaya ake bar wa komai, ta yi mako ba ta yi barcin kirki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba dare tsakanin mutum biyu ko uku, maza ma su ɗauki nasu rabon. Masu dubiya su taƙaita zama, wanda ya samu hali ya kawo ruwa, itace ko abinci.

Idan mara lafiya ya tambayi halin da yake ciki, kada a rufe shi da "ka kusa warkewa". Sanin gaskiya a hankali shi ke ba shi damar yin wasiyya, ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya nemi yafiya. Yara ma a gaya musu daidai hankalinsu, a bar su su gaishe shi.

Bayan rasuwa, idan an watse daga zaman makoki, a ci gaba da leƙa mai takaba da wanda ya yi jinyar. Wanda ya shafe makonni ba ya ci, ba ya barci, ko yana cewa gara shi ma ya bi mamacin, a kai shi asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.