YADDA AKE JAN BABBAR MOTA BA TARE DA AN LALATA GIYARTA BA

Mafi yawan kayan da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Fatakwal manyan motoci ne ke kai su cikin ƙasa, su ne kuma ke sauko da hatsi da shanu da albasa zuwa kasuwannin Legas da Ibadan da Anaca. Motar da ke irin wannan doguwar tafiya ba ta rasa ranar da za ta tsaya a hanya. Sau da yawa abin da ya tsayar da ita ƙarami ne, kamar fambel ya tsinke, ko lagireto ya huje, ko famfon mai ya ƙi aiki. Amma sai a ɗaura mata sarƙa a ja ta zuwa gari, a isa gareji a tarar da akwatin giya ya ƙone. Gyaran da za a gama a yini guda sai ya koma na makonni, kuɗinsa kuwa ya ninka sau da yawa. Wannan ita ce asarar da ake nufin direbobi da masu motoci da makanikai su kauce mata.

YADDA ƘARFIN INJI KE ISA TAYA

Kafin a fahimci inda ɓarnar take, ya kamata a san hanyar da ƙarfin inji ke bi. Inji yana juya kuloci, kuloci yana miƙa wa akwatin giya, wanda makanikai ke kira giyabos. Daga akwatin giya sai farfela, watau dogon bututun ƙarfen nan mai juyawa a ƙarƙashin mota. Farfela tana shiga tukunyar da ke tsakiyar aksul na baya, wadda ake kira dif, daga nan sanduna biyu na ƙarfe, ɗaya dama ɗaya hagu, su kai juyin ga tayoyi.

Idan ana jan mota, wannan tsari yana juyewa ne. Tayoyin baya su ne ke juya dif, dif ya juya farfela, farfela kuma ta juya cikin akwatin giya ta baya, alhali kuwa inji yana kashe. Juyin kuma ba kaɗan ba ne. Tayar babbar mota tana zagayawa kamar sau 300 a kilomita guda. A motar da farfela ke juyawa sau 5 kafin taya ta zagaya sau ɗaya, farfela za ta juya kamar sau 1,500 a kowace kilomita. In ana tafiyar kilomita 40 a awa, ke nan tana juyawa kamar sau 1,000 a minti guda.

DALILIN DA YA SA FIRI BA TA ISA BA

Direbobi da yawa sun ɗauka cewa da zarar an sa giya a firi, an raba tayoyi da kome da kome. Ba haka ba ne. Firi tana raba inji da tayoyi ne kawai, amma babban sandan da ke cikin akwatin giya yana nan haɗe da farfela, yana juyawa tare da ita.

Man giya yana kwance ne a ƙasan akwati. Akwai wani sanda mai haƙora a can ƙasa, nutse cikin man, wanda inji ke juyawa. Shi ne ke ɗebo man yana watsa shi sama, ya jiƙa haƙora da boris. A wasu manyan motoci akwai ƙaramin famfon mai a ciki, shi ma da juyin inji yake aiki. To, idan inji ya mutu, sandan ƙasa ya tsaya, famfo ya tsaya, mai ya kwanta. Babban sanda na sama sai ya yi ta juyawa a bushe. Ƙarfe ya goga ƙarfe, zafi ya tashi, boris ya narke ko ya farfashe. Wani lokaci haƙoran giya sukan manne da sandan saboda zafi, giya ta shiga da kanta ana cikin tafiya, tayoyin baya su ƙulle farat ɗaya. Wannan ya wuce asarar kuɗi, ya zama haɗarin rai.

Motar da ke canza giya da kanta, watau mai otomatik, ta fi saurin lalacewa. Dukan aikinta da matsin mai ne, famfon da ke tura man kuwa inji ne ke juya shi. In aka ja ta inji na kashe, faifayen da ke cikinta sukan ƙone cikin ɗan gajeren zango. Har wa yau, irin wannan mota ba a tayar da injinta ta hanyar ja ko turi.

Abin da ya sa wannan ɓarna ke yaudarar mutane shi ne ba ta cika bayyana nan take ba. Mota takan isa gareji, a gyara inji, ta kama hanya, sai bayan kwanaki giya ta fara kuka, ko ta riƙa fita da kanta. Mai mota ya zargi makaniki, alhali tun ranar ja aka yi ɓarnar.

Gaskiya ne wasu kamfanoni sun yarda a ja motarsu ɗan tazara kaɗan a hankali, domin a kawar da ita daga tsakiyar titi. Iyakar tazarar da gudun suna rubuce cikin littafin kowace mota, sun kuma bambanta daga mota zuwa mota. Inda babu littafin a hannu, abin da ya fi shi ne a ɗauka cewa tilas a raba tayoyi da akwatin giya kafin a yi nisa.

HANYOYI HUƊU NA KARE GIYA

Hanya ta farko ita ce kwance farfela. Ana kwance ta ne daga bakin dif, ba daga bakin akwatin giya ba, domin in aka bar ta haɗe da dif tayoyi za su ci gaba da juya ta tana dukan ƙasa. Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a sa weji gaba da bayan tayoyi, a sa giya a firi. Motar da ta tsaya cikin giya a kan tudu, nauyinta yana rataye ne a kan farfela, in aka kwance ta a haka takan fizge ta bugi wanda ke ƙarƙashi, motar kuma ta gangaro. A ja layi da alli ko fenti a kan mahaɗar, domin a mayar da ita daidai yadda take, in ba haka ba mota takan riƙa rawa bayan an ɗaura. A naɗe kofunan mahaɗar da tef ko tsumma don kada ƙananan alluran da ke cikinsu su zube. Sa'an nan a ɗaure farfelar tam a jikin shasi da sarƙa ko igiya mai ƙarfi, ko kuwa a cire ta gaba ɗaya a ɗora a bodi. Farfelar babbar mota tana da nauyi ƙwarai, kada mutum ɗaya ya ce zai tare ta da ƙirji.

Hanya ta biyu ita ce zare sandunan aksul. A manyan motoci ana iya kwance notocin da ke tsakiyar tayar baya a zaro sandan ba tare da an cire taya ba. Wannan hanya ita ta dace idan dif ɗin ne kansa ya lalace, ko kuwa idan ba a iya shiga ƙarƙashin motar. Lalle ne a zare na dama da na hagu duka. In aka zare ɗaya kawai, ƙananan haƙoran da ke cikin dif za su yi ta juyawa fiye da ƙima har su ci kansu. Mota mai aksul biyu na ja a baya, a zare na duk aksul ɗin da tayoyinsa ke ƙasa. A tara man da zai zubo a kwano, a toshe bakin da murfi ko katako da aka yanka daidai, don kada sauran man ya tsiyaye, ƙura kuma ta shiga. Motar da ke da makullin dif tana da nata tsarin zarewa, sai a bi abin da littafinta ya ce.

Hanya ta uku ita ce janwe ya ɗaga bayan motar, ya ja ta a kan tayoyin gaba. Tun da tayoyin ja ba su taɓa ƙasa, akwatin giya ba ya juyawa. Amma tilas a miƙe sitiyari a ɗaure shi sosai, kada a dogara da makullin sitiyari kaɗai. A kuma lura cewa nauyi zai koma kan aksul na gaba, saboda haka wannan hanya ba ta dace da mota mai cike da kaya ba.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi duka, ita ce a ɗora motar a kan tirela mai ƙasa-ƙasa, babu tayar da ke juyawa. Ta fi tsada, amma ita ce ta dace da motar da ta yi haɗari ko wadda za a kai nesa.

Akwai motocin da tayoyinsu na gaba da na baya duka ke ja, kamar na aikin daji da na gine-gine. Waɗannan farfela biyu gare su. Duk aksul ɗin da tayoyinsa za su taka ƙasa, sai an kwance tasa farfelar.

BIRKI DA SITIYARI

Inji ne ke cika tankin iska, saboda haka motar da injinta ya mutu ba ta samun sabuwar iskar birki. Kowane taku yana rage wadda ta saura. A motocin zamani, idan iska ta yi ƙasa ƙwarai, wani ƙaƙƙarfan sifirin da ke cikin tukunyar birkin baya yana danne birki da kansa. Wanda ya ja mota a haka zai ƙona birki da tayoyi, har wuta takan tashi. Gyaran shi ne a jawo tiyo daga motar da ke ja a ba ta iska. In hakan bai yiwu ba, akwai kusar da aka tanada a jikin tukunyar, wadda ake ɗaurewa ta janye sifirin. Amma daga lokacin da aka yi haka motar ba ta da birkin tsayawa ko kaɗan, don haka sai an sa weji, an kuma haɗa ta da motar ja tukuna. Kada kowa ya buɗe wannan tukunya, gama sifirin da ke ciki yana iya kashe mutum.

Sitiyari ma yakan yi nauyi ainun idan inji ya mutu, domin famfon da ke sauƙaƙa shi ya tsaya. Direban da zai zauna a motar da ake ja ya zama ƙwararre mai lasin, ba yaron mota mai koyo ba, ya kuma bar makulli a buɗe don kada sitiyari ya ƙulle.

SANDA KO SARƘA

Babbar motar da ba ta da birki ba a janta da sarƙa ko igiya. Sarƙa tana ja ne kawai, ba ta tarewa. A gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, ko tsaunukan shiga Enugu, motar baya za ta taho ta auka wa ta gaba. Sandan ƙarfe na ja shi ne daidai, gama yana ja yana kuma riƙewa. A maƙala shi a ƙugiya ko ramin da kamfani ya tanada a gaban shasi. Kada a ɗaura a bamba, ko sifirin, ko aksul na gaba, ko sandunan sitiyari, domin za su lanƙwashe. Motar da ke ja kuwa kada ta kasa wadda ake ja nauyi. Idan akwai kaya, a sauke su ko a juye su a wata mota in da hali. Kan tirela kuma a raba shi da bodinsa, wani kan ya zo ya ɗauki bodin.

A tashi a hankali, a tsaya a hankali, a buɗe kwana sosai. Bayan tafiya kaɗan a tsaya a duba ɗauri, a kai hannu kusa da cibiyar tayoyi da akwatin giya a ji ko akwai zafi. Kada a ɗauki fasinja a motar da ake ja, kada kuma kowa ya tsaya tsakanin motocin biyu lokacin da ake matsowa don haɗawa.

HAKKIN SAURAN MASU BIN HANYA

Motar da ta mutu a kan titi tarko ce, musamman da dare. A ajiye alamar nan mai kusurwa uku gaba da baya, nesa yadda mai tahowa zai sami damar rage gudu. Ganye da duwatsun da aka saba zubawa ba su haske da dare, in kuwa an zuba su, wajibi ne a kwashe kafin a tashi. Motar da ake ja ta kasance da fitilu masu aiki a bayanta, in nata sun mutu a jawo waya daga motar gaba. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana cikin aikinta kawar da abin da ya tare manyan hanyoyi, ana kuma kiranta a lamba 122.

Bayan an gama gyara, a mayar da farfela bisa layin da aka ja, a ɗaure notoci sosai, a cika man aksul in an zare sanduna, a kuma kwance kusar birki a mayar da ita mazauninta kafin a cire weji. Ana roƙon masu motoci su tanadi sifana da ta dace da notocin farfela, da weji biyu, da alli, da igiya mai ƙarfi a cikin kowace mota, su kuma umarci direbobinsu kada su yarda a ja mota nesa sai an raba tayoyinta da akwatin giya.