George Daniels da Matsalar Mai a Cikin Agogo

Duk wanda ya taɓa kara agogo marar batir a kunnensa ya san ƙarar nan ta ƙyas-ƙyas. Abin da ke yin ta wani ɗan ƙarfe ne mai baki biyu, wanda ke tare wata ƙafa mai haƙora yana kuma sakinta, don kada ƙarfin sifirin ya ƙwace gaba ɗaya. Thomas Mudge ne ya ƙago wannan dabara a Ingila wajen 1755, kuma maƙeran agogo sun yi shekara fiye da 200 suna bin ta. Amma tana da aibi guda: haƙoran gogar bakin ƙarfen suke yi, saboda haka tilas a ɗiga mai. Mai kuwa yakan yi kauri ya bushe, daga nan sai agogo ya fara saɓa lokaci.

A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir, kasuwar maƙeran Suwizalan ta faɗi, mutane suka ce sana'ar ta mutu. A daidai wannan zamani ne wani mutumin Landan, George Daniels (1926-2011), wanda ba ya ƙarƙashin kowane kamfani, ya duƙufa kan matsalar mai. Sai ya ɗora ƙafafu biyu masu haƙora kan sanda ɗaya, ya tsara su yadda haƙori zai tura ƙarfen turawa, gogar ta ragu ƙwarai. Inda kuwa babu goga mai yawa, bukatar mai ta zama kaɗan. A ganinmu nan ne ainihin gwanintar take, domin a ido ba abin da ya sake, sai an buɗe bayan agogon.

Ya sami takardar mallakar fasahar a 1980, ya yi ta yawo da ita wurin manyan kamfanonin Suwizalan suna ja da baya. Ba kuma za a ga laifinsu sosai ba, don abin da mutum ɗaya ya goge da hannu yana da wuyar bugawa dubu-dubu da inji. Sai a 1999 kamfanin Omega ya sa ta a kasuwa.

Shi kuwa Daniels ya ci gaba da aikinsa a Tsibirin Man, inda yakan shafe kimanin shekara kan agogo ɗaya, kusan kome da hannunsa. Almajirinsa, Roger Smith, shi ya gaji aikin a tsibirin.