Duwatsun Kano Da Ba A Kano Aka Ƙera Su Ba

A wurin masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka akwai wasu tsofaffin duwatsun wuya na gilashi da ake kira duwatsun Kano. Abin mamaki kuwa shi ne ba a Kano aka yi su ba. Asalinsu birnin Halil ne na ƙasar Falasɗinu, inda aka daɗe ana narka gilashi, a naɗa shi a jikin tsinken ƙarfe har ya zama dutsen ado. Daga can fatake suka riƙa kai su Masar, suka gangara da su har Darfur ta ƙasar Sudan.

To, yaya aka yi suka ɗauki sunan Kano? Wani Baturen mulki, A. J. Arkell, ya rubuta a 1937 cewa matan Sudan sun daina yayinsu, suna sayar wa fataken Hausawa a kan kuɗi ƙalilan. Fataken nan suka kawo su gida, aka goge bakunansu don su zauna daram a zare, daga baya kuma 'yan koli suka fita da su kasuwannin duniya, inda suka yi daraja.

Mai son gane su sai ya lura da abu uku. Launinsu galibi rawaya ne ko kore ko shuɗi, kuma haske ba ya ratsa su. Jikinsu yana da kaushi da ƙananan ramuka. Ramin zarensu kuwa yana da faɗi, tsufa ya lashe bakinsa ya yi santsi. Sabon dutse da aka shafa wa ƙasa don yaudara ba ya nuna wannan cin zare, na roba kuma ba shi da nauyi ko sanyi a tafin hannu.

Ba su kaɗai ne ke cikin adakar tsofaffi ba. Akwai ƙarau da duwatsun Bida, aikin mutanen unguwar Masaga. Tsohon gilashinsu, wanda suke haɗawa da yashi da kanwa, duhu gare shi. Na baya-bayan nan kuwa kwalabe ake narkawa, shi ya sa yake ɗaukar launin kwalba. Wannan sana'a tana cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin biranen ƙere-ƙeren hannu a 2021. Akwai kuma na Benis ta ƙasar Italiya masu zanen furanni, waɗanda zanensu a cikin gilashin yake, ba fenti ba ne da farce zai kankare.

Ya kamata jama'a su san cewa dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana fita da aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 zuwa ƙasashen waje sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Saboda haka, daga Arikya ta ƙasar Lafiya har zuwa Sakkwato, duk gidan da aka gaji sarƙar kaka, kada a yi gaggawar miƙa wa mai saye. A bar ta a zarenta, a tambayi tsofaffi inda ta fito, a nuna wa masana. Matan Darfur sun sayar da nasu da arha don ba su san abin da ke hannunsu ba, ribar kuwa wasu ne suka ci.