Hetch Hetchy: Tafkin da Ake Kallo, Ba a Taɓawa

A tsaunukan Sierra Nevada na jihar Kalifoniya a Amurka akwai wani tafki da ya miƙe tsakanin duwatsu, tsawonsa kimanin kilomita 13, ruwansa garau. Sai dai komai zafin da ka kwaso a hanya, ba ka da ikon tsoma jikinka a ciki. An hana iyo, an hana kwale-kwale. Ruwan sha ne na mutanen San Faransisko da garuruwan kewayenta, su fiye da miliyan biyu da rabi, kuma tsabtarsa ta kai ba a tace shi, magani kawai ake sa masa. Shi ya sa ake kaffa-kaffa da shi kamar ƙwai a cokali.

Kafin ruwa ya cinye wurin, kwari ne mai dausayi, kogin Tuolumne na ratsa tsakiyarsa. Ƙabilun Miwok da Paiute sun shafe dubban shekaru suna farauta da tara 'ya'yan itatuwa a cikinsa, har Turawa masu kiwo suka ture su. A 1890 kwarin ya shiga cikin gandun dajin ƙasa na Yosemite, wato ƙasar da doka ta ce a bar ta yadda Allah ya halicce ta.

San Faransisko ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan kwarin, domin bakinsa ƙunci gare shi, ga dutse dama da hagu, ginin madatsa ba zai yi wuya ba. Sai girgizar ƙasar 1906 ta fasa bututun birnin, gobara ta yi kwana uku tana ci babu ruwan kashewa. Faɗuwa ta zo daidai da zama. John Muir, wanda ya kafa ƙungiyar Sierra Club a 1892, ya ja daga, yana ganin nutsar da wannan kwari daidai yake da nutsar da wurin ibada. Gifford Pinchot kuwa, shugaban hukumar gandun daji na farko, yana ganin amfanin jama'a ne kan gaba. An yi shekaru ana kai ruwa rana. A Disamban 1913 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu kan dokar Raker, wadda ta ba birnin izini. Shekara guda bayan haka Muir ya rasu. Amma hayaniyar ba ta tafi a banza ba, tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa hukumar kula da gandayen ƙasa a 1916.

Sai da aka shimfiɗa layin dogo na sama da kilomita 100 don kai siminti da ma'aikata. An gama madatsar a 1923, aka ƙara mata tsayi a 1938. Ruwan bai isa birni ba sai 1934, 'yan kwanaki bayan rasuwar injiniyan aikin, Michael O'Shaughnessy, wanda madatsar ke ɗauke da sunansa. Ruwan na gangarawa da kansa, ba injin turi, tafiyar kusan kilomita 270. Ta ɗara nisan Kano zuwa Kaduna.

Masu goyon bayan aikin sun ce tafkin zai ƙara wa wurin kyau, ya jawo masu shaƙatawa. A ganina rabin maganar ce ta tabbata. Cincirindon baƙi na can babban kwarin Yosemite. Nan sai masu son tafiyar ƙafa da shiru. Za ka ajiye mota, ka taka ta kan madatsar, ka shiga wani rami da aka huda cikin dutse. Ciki duhu-duhu, sanyi na ratsa riga, ruwa na ɗiga daga sama kana tsallake 'yan kududdufai. Kana fita sai hanya ta bi gefen tafkin, ga dutsen Kolana tsaye ƙiƙam a tsallake. Zuwa da dawowa mafaɗar ruwa ta Wapama kilomita 8 ne. A watan Mayu da Yuni, lokacin da ƙanƙarar tsaunuka ke narkewa, feshin ruwan kan jiƙa mai tsallaka gadojin sharkaf, rugugin kuma ya hana ka jin na kusa da kai. Idan ruwa ya hau kan gada, komawa baya ita ce dabara. An taɓa rasa rayuka a nan.

Mai ƙarfin gwiwa kan zarce zuwa mafaɗar ruwa ta Rancheria ya kwana a tanti, amma sai da takardar izini, kuma dole ya kulle abincinsa a wata gwangwani ta musamman saboda dabbar beyar. Ana kamun kifi daga gaɓa ga mai lasisi. Da rani zafi kan yi tsanani, ga macizai masu kaɗa jela a kan falalen dutse.

Har yau akwai masu neman a zubar da ruwan a maido da kwarin. A 2012 an kai maganar nazarin hakan gaban masu zaɓe a San Faransisko, suka yi watsi da ita da gagarumin rinjaye. A shekarun fari kuma, idan ruwa ya ja baya, wani farin zobe kan bayyana a jikin duwatsun, tare da kututturan itatuwan da aka sare kafin a toshe kogin.